Darasi: Renon bakwaini, daga kwalbar asibiti zuwa ƙirjin uwa

Manufar darasi

Bayan mun yi wannan darasi tare, muna so kowa ya iya:

- gane abubuwa huɗu da ke barazana ga ran bakwaini
- sanin aikin iyaye yayin da jariri ke kwance a asibiti
- ɗaura jariri a ƙirji yadda ya kamata
- shirya yadda ikilisiya za ta ɗauke wa mai jego ayyukanta

Gabatarwa

Bari mu fara da misali. Mu ce ana cikin watan Satumba. Kogin Hadejia ya cika ya batse, ruwa ya shanye hanyar da ta haɗa ƙauyenmu da titin Auyo. Da tsakar dare naƙuda ta kama wata 'yar'uwa wadda cikinta bai wuce wata bakwai ba. Kafin a samo kwalekwale ta haihu. Yaron ɗan mitsitsi ne, da ƙyar ake jin kukansa. Wata tsohuwa ta ɗora ruwan wanka. Wata ta ce a naɗe shi da auduga a ajiye kusa da garwashi. Mijin yana tsaye a bakin ƙofa, ya rasa abin yi. Wani kuma ya ce a haƙura kawai, irin waɗannan ba sa zama.

Dukansu suna ƙaunar yaron. Amma a cikinsu babu wanda ya faɗi abin da ya fi bukata, wato ƙirjin mahaifiyarsa. A wannan darasi za mu bi yaron nan daga daren haihuwa, zuwa asibiti, har ya dawo gida ya girma.

Wane ne bakwaini?

Cikakken ciki yakan kai kusan mako 40. Duk jaririn da aka haifa kafin mako 37 ya cika, bakwaini ne, ko da a wata na takwas ya zo. Yawancinsu nauyinsu bai kai kilo 2.5 ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4, wato kusan ɗaya cikin kowane jarirai goma. Najeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan. A shekarar 2019 yara kusan 900,000 suka mutu saboda matsalolin haihuwa kafin lokaci. Hukumar ta ce uku cikin huɗu na waɗannan yara za a iya cetonsu ta hanyoyi masu araha.

Mukan ji ana cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa, amma ɗan wata takwas ba ya zama. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Kowane mako da jariri ya ƙara a ciki, huhunsa da ƙwaƙwalwarsa suna ƙara ƙwari. Ɗan wata takwas ya fi ɗan wata bakwai damar rayuwa.

Abubuwan da ke kawo haihuwa da wuri sun haɗa da zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ciwon sanyi ko na mafitsara, ƙarancin jini, cikin tagwaye, ciki a ƙuruciya, da haihuwar kwanika. Sau da yawa kuma likitoci sukan bincika ba su ga dalili ba. Saboda haka kada mu ɗora wa uwa laifi. A cikin Yohanna 9:1-3, almajirai sun nemi sanin ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, Yesu kuwa ya kawar da wannan tambaya. Ya kamata mu ma mu kawar da ita daga ɗakin mai jego.

Abokan gaba huɗu

*Sanyi.* Bakwaini ba shi da kitse, fatarsa siririya ce, ɗumin jikinsa yana fita da sauri, musamman ta kai. Yana iya yin sanyi a ɗakin da babba ke zufa. Naɗe shi da auduga ko zannuwa bai isa ba, domin zane yana riƙe ɗumin da ke akwai ne, ba ya ba da ɗumi.

*Yunwa.* Cikinsa ƙarami ne, sukarin jininsa yana sauka da sauri. Yawancin jarirai ba sa iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sosai sai wajen mako 34.

*Ƙwayoyin cuta.* Garkuwar jikinsa ba ta gama ginuwa ba. Hannu marar tsabta ɗaya ya isa ya sa masa cuta.

*Wahalar numfashi.* Huhun da bai nuna ba yana da ƙarancin wani ruwa mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa. Wani lokaci kuma jaririn yakan dakata da numfashi, kamar ya manta.

Awa ta farko da hanyar asibiti

Idan naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, ko jini ya ɓalle kafin wata tara, a tafi asibiti nan take. Jariri ya fi tsira idan aka kai shi yana cikin cikin uwarsa. Tsakanin mako 24 da 34, likita na iya yi wa uwa allurar da ke hanzarta nunar huhun jariri, amma allurar tana bukatar lokaci kafin ta yi aiki.

Idan kuwa haihuwa ta riga ta zo a gida, ga abin yi:

1. A share jikin jariri da busasshen zane mai tsabta, a jefar da jiƙaƙƙen zanen gefe.
2. Kada a yi masa wanka.
3. A kwantar da shi tsirara a kan ƙirjin uwa, a sa masa hula, a rufe su biyun tare.
4. A yanke cibiya da sabuwar reza, kada a shafa mata toka, ko man goge baki, ko a gasa ta.
5. A ba shi dakashi, wato nonon farko. Idan bai iya tsotsa ba, a tatso a ɗiga masa kaɗan kaɗan.
6. A kama hanya yana ɗaure a ƙirji, ko a kwalekwale ne, ko a mota. Idan uwa ba ta da ƙarfi, uba ko kaka ta ɗaura shi.

Babban asibitin Hadejia ne mafi kusa da yawancinmu. Daga can ana iya tura mu gaba. A shekarar 2008 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta fara aiki a babban asibitin Jahun, inda aka samu ɗakin haihuwa da sashen jarirai. Akwai kuma asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mu tambayi ma'aikacin lafiya na kusa da mu tun da wuri inda ake karɓar bakwaini, domin kada mu yi ta yawo da jariri.

Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, yadda ta raba ƙauyuka da titi. Mace mai cikin tagwaye, ko mai hawan jini, ko wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, gara ta koma wurin dangi a Auyo ko Hadejia kafin ruwan Agusta ya tare hanya.

A cikin sashen jarirai

Ranar farko tana da ban tsoro. Uwa za ta ga ɗanta cikin akwatin gilashi da muke kira kwalba, da tiyo a hanci, da na'urori masu ƙara. Sanin aikin kowanne yana rage fargaba.

- Kwalba tana ba da ɗumi da laima.
- Tiyo mai baki biyu a hanci yana kai iskar oksijin. Wani yana haɗe da gorar ruwa mai kumfa, wadda ke tura iska a hankali don huhu ya zauna a buɗe.
- Siririn tiyo da ya bi ta hanci ko baki zuwa ciki, ta nan ake zuba nonon uwa.
- Shuɗiyar fitila maganin shawara ce. Ana rufe idon jariri don kare shi daga hasken.
- Ƙarar na'ura ba kullum take nufin hatsari ba. Wani lokaci motsi kawai jaririn ya yi.

Iyaye ba 'yan kallo ba ne a wannan ɗaki. Akwai aikin da babu nas ko likitan da zai yi a madadinsu. Na farko shi ne nono. Uwa ta fara tatsa tun cikin awoyin farko, ta ci gaba aƙalla sau takwas a yini, har da dare. Da fari 'yan ɗigo ne za su fito, kada ta raina su. Nonon uwa yana kare hanjin bakwaini daga wata muguwar cuta mai ruɓar da hanji, wadda ta fi kama jariran da ake ba madarar gwangwani.

Na biyu shi ne wanke hannu da sabulu kafin kowace taɓawa. Na uku, yin tambaya. Mu gaishe da nas cikin ladabi, mu ce: "Sista, nawa ne nauyinsa yau? Nono nawa ya sha? Yaushe zan ɗaura shi a ƙirji?" Kada hankali ya tashi idan nauyi ya ragu a makon farko. Haka jarirai suke yi, yawanci sukan mayar da shi cikin mako biyu.

Jarabawa mafi girma tana zuwa idan kwanaki suka yi yawa. Kuɗi ya ƙare, shinkafa ta isa yanka a gona, yara suna gida ba mai kula, dangi suna tambayar ranar suna. A nan ne iyaye da yawa suke sa hannu su ɗauke jariri kafin likita ya sallame su. Muna roƙon kowane uba: kafin ka sa hannu, ka faɗa wa fasto ko dattawan ikilisiya abin da ya matsa maka. Suna yana iya jira, ko a raɗa shi da addu'a a bakin gadon asibiti, a yi taro daga baya.

Goyon ƙirji

A shekarar 1978, a wani asibitin haihuwa da ke Bogota, babban birnin Kolombiya, kwalabe sun yi kaɗan, ana sa jarirai biyu ko uku cikin ɗaya, cuta tana yaɗuwa. Sai wani likita, Edgar Rey Sanabria, ya fara sa iyaye mata su ɗaura jariransu a ƙirji, fata da fata. An kira hanyar renon kangaru, da sunan dabbar Ostareliya mai rainon ɗanta cikin jakar da ke cikinta.

Shekara da shekaru ana jira sai jariri ya warware a kwalba kafin a ba uwa shi. Sai aka yi wani bincike a Ghana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya, aka fitar da sakamakonsa a 2021. A Najeriya an yi shi a asibitin koyarwa na Ile-Ife. An duba jarirai fiye da 3,000 masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Waɗanda aka ɗaura a ƙirji tun daga haihuwa, mutuwarsu cikin kwana 28 ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. A watan Nuwamba 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara goyon ƙirji nan da nan bayan haihuwa, awa 8 zuwa 24 a kowace rana, sai dai idan jaririn yana cikin matsanancin hali.

Matanmu gwanayen goyo ne. Abin da ya canza kaɗan ne: daga baya zuwa gaba, kuma babu riga a tsakani.

1. A bar wa jariri hula, safa da nafkin kawai.
2. A miƙar da shi tsaye tsakanin nonuwa, ƙirjinsa a kan ƙirjin uwa, ƙafafunsa a lanƙwashe kamar na kwaɗo.
3. A juya kansa gefe ɗaya, a ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe.
4. A ɗaure da zane, bakin zanen ya tsaya daidai ƙasan kunnensa. Ya kama shi sosai, amma kada ya matse cikinsa.
5. Uwa ta sa riga mai buɗewa ta gaba a kai. Idan za ta yi barci, ta jingina da matasai, kada ta kwanta shimfiɗe.

Ƙirji yana yaƙi da abokan gaban nan huɗu gaba ɗaya. Yana ba da ɗumi daidai gwargwado. Nono yana kusa, kuma yana ƙara zuba. Hannuwan da ke taɓa jariri suna raguwa. Motsin numfashin uwa kuma yana tunasar da shi nasa. Uba, kaka, ko inna duk suna iya karɓa don uwa ta yi wanka ta huta, muddin suna da lafiya da tsabta. Ana ci gaba har jariri ya kai wajen kilo 2.5, ko ya fara mutsu-mutsu yana ƙin zama.

Bayan an dawo gida

Makonnin farko a gida suna da hatsari, domin ba nas a kusa. Mu kiyaye waɗannan:

*Ciyarwa.* Nono zalla har wata shida. A ba shi kowace awa biyu zuwa uku, a tashe shi idan yana barci. Idan ya gaji da tsotso, a ƙarasa masa da tatsattsen nono a ƙaramin kofi mai tsabta. A jingina bakin kofin a leɓensa ya lasa da kansa, kada a ɗura. Ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo, ko da a tsakiyar bazara.

*Baƙi.* 'Yan barka su yi gaisuwa daga bakin ƙofa. Mai mura ko tari ya aiko da gaisuwarsa.

*Hayaƙi da sauro.* Kada a hura wuta ko a kunna maganin sauro na hayaƙi a ɗakin. Uwa da jariri su kwana cikin gidan sauro.

*Kafur.* Kada a sa shi cikin kayan jariri. Yana fasa jinin wasu jarirai, ya kawo shawara mai taɓa ƙwaƙwalwa.

*Wanzami.* Ba cire beli, ba tsaga. Kaciya ta jira sai yaro ya yi ƙwari kuma likita ya yarda.

*Yanayi.* Da hunturu sanyin asuba ne abin tsoro. Da bazara kuwa ɗakin kwano yana iya zafafa jikin jariri da yamma. A rage masa zane, a buɗe taga, a ƙara ba shi nono.

Alamun hatsari: a koma asibiti ko da dare ne

- ya ƙi shan nono, ko yana amai kowace ciyarwa
- numfashi fiye da 60 a minti ɗaya, ko ƙirji na lotsawa, ko yana nishi
- ya dakata da numfashi, ko leɓensa ya yi shuɗi
- jiki ya yi sanyi duk da goyon ƙirji, ko awon zafi ya kai 37.5
- jijjiga, ko ba ya motsi sai an taɓa shi
- idanu da tafin hannu ko ƙafa sun yi rawaya
- cibiya ta yi ja, tana wari ko fitar da mugunya
- ciki ya kumbura

Girma da rigakafi

A riƙa kai shi awo a ranakun da aka rubuta. Ana yin rigakafi bisa ranar haihuwa, a mako 6, 10 da 14 da sauran lokutan da ke kan kati, ba a jira sai ya yi ƙiba. A tambaya game da maganin ƙarin jini na ɗigawa. Jaririn da aka haifa da wuri sosai, musamman wanda ya daɗe a kan oksijin, yana bukatar likitan ido ya duba bayan idonsa kafin ya wuce wata ɗaya. Akwai makantar da ake iya tarewa idan an gano da wuri. A nemi gwajin ji kuma.

Wajen zama, rarrafe da tafiya kuwa, lissafin dabam ne. A cire makonnin da ya yi saurin zuwa. Yaron da ya zo wata biyu kafin lokaci, idan ya cika wata takwas, a auna shi da 'yan wata shida. Ana yin wannan lissafi har ya shekara biyu. Wannan yana hana uwa baƙin ciki idan ta ga ɗan maƙwabciya ya riga nata zama. Idan duk da haka yaro ya yi baya sosai, ko gaɓoɓinsa suna sandarewa, a kai shi asibiti. Gashi da motsa jiki sun fi amfani idan an fara da wuri.

Uwa ma tana bukatar reno

Mai renon bakwaini tana fama da rashin barci, tsoro, da zargin kai. Idan ta yi fiye da mako biyu tana kuka, ba ta cin abinci, ko ba ta son ɗaukar jaririn, ciwo ne mai magani, ba rashin bangaskiya ba. A kai ta wurin ma'aikacin lafiya. A rage mata kunun kanwa, musamman idan tana da hawan jini. Ita da mijinta su nemi shawara kan tazarar haihuwa, domin jikinta yana bukatar wajen shekara biyu kafin wani ciki. A ciki na gaba ta fara awo da wuri, ta karɓi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

Dole mu faɗi gaskiya: wasu jarirai za su rasu ko da an yi musu kome. Iyayensu sun yi rashi na gaske. Kada mu ce musu ai bai zama mutum ba tukuna. Mu zauna da su, mu kira yaron da sunansa idan an raɗa masa.

Aikin ikilisiya

Macen da ke ɗauke da jariri a ƙirji yini da dare ba za ta iya ɗebo ruwa, daka, girki da zuwa fadama ba. Idan ba a ɗauke mata waɗannan ba, dole ta ajiye jaririn. A nan ne nasarar goyon ƙirji take, ko faɗuwarsa. Ga abin da za mu iya yi:

- Zumuntar mata ta tsara jerin masu girki, wanki da kula da sauran yara, na aƙalla mako shida.
- Matasa su yi gayya a gonar uban da ke jinya.
- Dattawa su ware ɗan asusu daga baiko don kuɗin mota da abincin mai jinya.
- A rubuta sunayen masu mota, babur da kwalekwale da suka yarda a tashe su da dare.
- A sayi ma'aunin zafin jiki, a ɗinka 'yan huluna, a ajiye wurin ungozoma.
- Uwar da ta taɓa renon bakwaini ta ziyarci sabuwar, ta nuna mata nata yaron da ya girma.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A misalin da muka fara da shi, me kowane mutum ya kamata ya yi?
2. Me ake faɗa game da bakwaini a ƙauyenmu? Wanne ne ke taimako, wanne ke cutarwa?
3. Idan ruwa ya tare hanya yau da dare, ta ina za mu bi, wa za mu tasa?
4. Me zai hana namiji ɗaura jariri a ƙirji? Yaya za mu taimake shi?
5. A karanta Galatiyawa 6:2. Waɗanne kaya ne ke kan mai renon bakwaini, wa zai ɗauki kowanne?

Aikin gwaji

A zuba shinkafa kilo ɗaya da rabi a ƙaramar jaka, a ɗaure ta, a sa mata hula. Kowa ya ɗaga ya ji nauyin bakwaini. Sa'an nan a rabu biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, kowa ya gwada ɗaura ta a ƙirji bisa matakai biyar ɗin nan. Kafin a tashi, a zaɓi mutum biyu da za su rubuta jerin masu abin hawa, su kawo wa taro ranar Lahadi mai zuwa.